Daga tukunyar awara zuwa allurar ciwon sukari: yadda tsami ke juya aikin magani

A Bazaga, kamar sauran garuruwan gundumar Konni, duk mai sana'ar awara ta san lokacin da ake zuba ruwan tsami. Ruwan waken suya na tafasa fari fat, da zarar tsamin ya shiga sai ya tsinke, awarar ta dunƙule, ruwa ya ware gefe. Haka ma madarar da aka kwantar a ƙwarya, tsami ne ke sa ta kama ta zama kindirmo. Wannan abu da mata ke gani kullum a madafa shi ne masana haɗa magunguna suka mayar da shi dabara. Suna ƙera wasu ƙananan sinadarai da ake kira peptid ta yadda za su zauna shiru a wuri guda, su farka su kama aiki a wani wurin, gwargwadon tsamin da suka tarar. Akwai ɗaya daga cikinsu da aka daɗe ana bai wa masu ciwon sukari, wato insulin glargine, kuma rashin sanin yadda yake aiki na iya jawo wa majiyyaci matsala.

Mene ne peptid?

Sinadarin gina jiki, wanda ake kira furotin, shi ne ke cikin nama da wake da madara da ƙwai. A ido yana kama da abu guda, amma a ƙirarsa tamkar carbi yake: ƙananan ƙwayoyi ne aka jera a zare. Ƙwayoyin su ake kira asid amine, kuma iri 20 ne jiki ke amfani da su. Idan carbin ya yi tsawo, ƙwaya ɗari ko dubu, furotin ke nan. Idan gajere ne, daga ƙwaya 2 zuwa wajen 50, shi ne peptid.

Gajartarsa ba ta hana shi ƙarfi. Wasu peptid saƙo suke kaiwa daga wata gaɓa zuwa wata, wasu suna kashe ƙwayoyin cuta. Wanda aka fi sani shi ne insulin, mai sauke sukarin jini. Ƙwaya 51 gare shi, a zare biyu, ɗaya mai 21, ɗaya mai 30. Frederick Banting da Charles Best ne suka fitar da shi a birnin Toronto na Kanada a 1921, aka fara yi wa mutum allurarsa a watan Janairun 1922. Daga baya Frederick Sanger na Ingila ya karanta jerin ƙwayoyinsa ɗaya bayan ɗaya, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1958. Tun da aka iya karanta jerin, sai tambaya ta biyo baya: idan aka cire wata ƙwaya aka sa wata, me zai faru?

Yadda ake auna tsami

Harshe na iya cewa abu ya yi tsami, amma ba zai faɗi nawa ne ba. A 1909 wani masani ɗan ƙasar Danmark mai suna Søren Sørensen ya fito da ma'aunin da ake kira pH, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 14. Tsakiyarsa 7, nan ruwa mai tsabta yake. Ƙasa da 7 ɓangaren tsami ne, sama da 7 ɓangaren kanwa da toka da sabulu. Ruwan lemun tsami yana wajen 2. Ruwan cikin tumbin mutum yana tsakanin 1,5 da 3,5. Sabuwar madara tana wajen 6,7, tana kuma kamawa idan ta sauko 4,6. Fatar jiki tana wajen 5. Jini kuwa jiki na riƙe shi tsakanin 7,35 da 7,45, ba ya barin sa ya kauce.

Abin lura shi ne kowane taki guda a ma'aunin ninki goma ne. Abin da ke kan 5 ya fi na kan 6 tsami sau 10, ya fi na kan 7 sau 100. Wanda ke son ganin canjin da idonsa, ya ɗiga ruwan kanwa a kofin zoɓo. Jan zai dusashe ya koma duhu mai shuɗi-shuɗi, in aka matsa lemun tsami ya dawo ja. Hausawa sun daɗe da sanin cewa biyun nan abokan gaba ne, shi ya sa suke cewa kanwa ta kar tsami, ƙwarnafi ya kwanta.

To me ya haɗa tsami da carbin furotin? Wasu daga ƙwayoyin carbin suna ɗauke da cajin lantarki, ko mai alamar (+) ko mai alamar (–). Masu caji iri ɗaya suna ture juna, shi ya sa furotin ɗin madara ke yawo a warwatse cikin ruwa. Tsami yana kawo cajin (+) mai yawa, ya soke cajin (–) da ke jikin furotin ɗin. Da turewar ta ƙare, sai su manne da juna su dunƙule. Kowane furotin yana da matakin tsamin da cajinsa ke daidaita ya fita daga ruwa. Na madara 4,6 ne, na waken suya ma kusa da haka. Mai ƙera magani yana iya matsar da wannan mataki sama ko ƙasa ta hanyar canza ƙwayoyin carbin.

Insulin glargine: awara a juye

Insulin na jikin mutum yana dunƙulewa ne a wajen 5,4. A ƙarƙashin fata, inda ma'auni ke kan 7,4, yana narke sarai, ya shige jini cikin sauri, ƙarfinsa ya ƙare bayan wasu awoyi. Majiyyaci kuwa na bukatar wanda zai riƙe shi dare da rana. Masanan kamfanin Hoechst na Jamus sun nemi mafita ta hanyar gyara carbin a wuri biyu.

Da farko sun ƙara ƙwaya biyu na arginine, masu cajin (+), a ƙarshen dogon zaren. Wannan ya ɗaga matakin dunƙulewa daga 5,4 zuwa wajen 6,7, kusa da yanayin jiki. Sai aka ajiye maganin cikin ruwa mai tsami, a kan 4, inda yake narkewa ya zama garau. Amma akwai wata ƙwaya, asparagine, ta 21 a gajeren zaren, wadda ba ta jure zama cikin tsami. Sai suka cire ta suka sa glycine. Daga glycine da arginine ne sunan glargine ya fito.

Ga abin da ke faruwa idan an yi allurar. Ruwan da ke cikin kwalba ya fi naman jiki tsami fiye da sau 2000. Da ya shiga ƙarƙashin fata, jiki na kashe tsamin nan take, maganin ya dunƙule ya zama ƙananan tsaki. Tsakin ne ke narkewa sannu a hankali, yana sakin insulin kaɗan-kaɗan har kusan awa 24. Awara tsami ke dunƙula ta, shi kuwa glargine gushewar tsami ke dunƙula shi. An amince da shi a Amurka da Tarayyar Turai a shekarar 2000 da sunan Lantus, wanda kamfanin Sanofi ke sayarwa. Yanzu wasu kamfanoni, ciki har da Biocon na Indiya, suna yin irinsa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta saka shi cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada.

Abin da mai ciwon sukari ya kamata ya riƙe

Mutumin Bazaga mai ciwon sukari kan nemi magani a asibitin gunduma na Birnin Konni, ko asibitin Galmi da ke gundumar Malbaza, ko babban asibitin Tawa, wasu ma su tsallaka Sakkwato. Yana iya dawowa gida da kwalba ko alƙalamin allura iri dabam da na watan jiya. A nan ne sanin ƙirar maganin ke da amfani.

Ba a haɗa glargine da wani insulin a sirinji guda, ba a kuma tsarma shi da ruwa. Sauran insulin ɗin ba su da tsami, don haka haɗa su na iya sa shi dunƙule tun yana cikin sirinji, lokacin aikinsa ya rikice. Sukari na iya yin sama da rana, ko ya faɗi warwas cikin dare mutum na barci.

Glargine mai kyau garau yake kamar ruwa. Idan ya yi gajimare ko aka ga tsaki a ciki, ya lalace. Akwai kuma wani tsohon insulin mai suna NPH, wanda aka samar a Danmark a 1946, shi fari-fari ne tun asali, ana ma mirgina shi a tafin hannu kafin a ja. Wanda ya saba da NPH zai iya ɗauka farin glargine ba komai ba ne. Wanda kuma ya saba cewa insulin mai garau shi ne mai saurin aiki, na kafin cin abinci, zai iya rikita su biyun. Sunan da ke jikin kwalba ake dubawa, ba kalar ruwa kaɗai ba.

Wasu na jin ɗan raɗaɗi a wurin allurar, tsamin ruwan na daga cikin dalili, kuma yakan wuce.

Sai batun zafi. Wanda ba a buɗe ba ana ajiye shi a firiji tsakanin digiri 2 da 8, ba a bari ya daskare. Wanda aka fara amfani da shi yana kai kwana 28, nesa da rana, ƙasa da digiri 30. A jihar Tawa kuwa watannin Afrilu da Mayu na haura digiri 40, ga gidaje da yawa babu wuta. Wani bincike da ƙungiyar likitoci ta MSF da jami'ar Janeba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin ƴan gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa insulin na riƙe ƙarfinsa tsawon mako huɗu ko da zafi na hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37. Wannan albishir ne, amma bai ba da izinin barin magani a akwatin babur ko ƙarƙashin rufin kwano ba. Tukunyar ƙasa cikin wata tukunyar, da jiƙaƙƙen yashi tsakaninsu, dabarar da Mohammed Bah Abba na Jigawa ya yaɗa, tana rage zafi sosai a busasshen yanayi irin na Adar da Konni, muddin ruwa bai shiga kwalbar ba.

Ƙwayoyi uku masu jin tsami

A glargine narkewa da dunƙulewa aka sarrafa. Akwai wasu peptid da aka ƙera don su canza siffa gaba ɗaya. Masu wannan aiki sun fi dogara ga ƙwaya uku. Ta farko histidine: a yanayin jini kusan ba ta da caji, amma idan ma'auni ya sauko wajen 6 sai ta ɗauki cajin (+). Sauran biyun glutamate da aspartate ne, masu cajin (–) a yanayin jini. Tsami na cire musu cajin, daga nan su daina son ruwa su koma son mai. Da yake bangon kowace ƙwayar halitta ta jiki da maiƙo aka yi shi, peptid ɗin da ya koma son mai yana iya kutsawa cikin bangon.

A 1987 masana a jami'ar Kalifoniya da ke San Faransisko, ƙarƙashin Francis Szoka, suka ƙera wani peptid mai ƙwaya 30 suka kira shi GALA. Sun kwaikwayi ƙwayoyin cuta irin na mura ne, waɗanda ke jiran tsami kafin su fasa cikin ƙwayar halitta. Idan ƙwayar halitta ta haɗiye wani abu daga waje, takan rufe shi a wata ƴar jaka mai tsami, tsakanin 5 da 6, inda magani kan maƙale ya lalace. GALA a kan 7 sakakken zare ne marar aiki. A kan 5 sai ya murɗe kamar igiya, ya huda jakar, maganin da aka haɗa shi da shi ya fito.

Na biyu shi ne pHLIP, wanda aka gano a ɗakin binciken Donald Engelman na jami'ar Yale a ƙarshen shekarun 1990, Oleg Andreev da Yana Reshetnyak na jami'ar Rhode Island suka ci gaba da inganta shi. Ciwon daji, wato sankara, aka nufa da shi. Tun shekarun 1920 Bajamushe Otto Warburg ya lura cewa ƙwayoyin sankara na cin sukari da haɗama suna zubar da tsami. Kewayen ƙarin kan sauko tsakanin 6,5 da 6,9. A lafiyayyen nama pHLIP na wucewa, iyaka ya ɗan jingina a bango. A nama mai tsami sai ya murɗe ya soke bangon, ya shigar da abin da aka ɗaura masa a wutsiya. Abin na iya zama rini mai haske da zai nuna wa likitan tiyata iyakar ƙari, ko magani mai kashe ƙwayar. An fara gwada duka biyun a kan majiyyata a Amurka. Har yanzu matakin gwaji ne, ba a sayar da shi a farmasi. Maganin sankara a Nijar yana nan ta hanyoyin da aka sani: tiyata, da magungunan ƙarin ruwa, da gashi da na'ura, wanda Cibiyar Yaƙi da Sankara ta ƙasa da ke Yamai ta fara a 2021.

Halitta ma ta riga masana. Wasu ƙwayoyin da ke tsamar da madara, masu suna Lactococcus lactis, suna fitar da peptid mai ƙwaya 34 da ake kira nisin, wanda ke kashe wasu ƙwayoyin da ke ɓata abinci. An fara lura da aikinsa a 1928, kuma yau ana sa shi a cukun gwangwani da wasu abinci da lambar E234. Nisin ya fi narkewa, ya kuma fi daɗewa da ƙarfinsa, a cikin tsami. Idan aka kai shi ɓangaren kanwa sai ya raunana.

Yadda ake ƙerawa, da inda ake shan wahala

Aikin na farawa da tambayar ina ake son maganin ya farka, kuma nawa ne tsamin wurin. Sai a zaɓi ƙwayoyi da wurin da kowace za ta zauna a zare, domin maƙwabtan ƙwaya na canza matakin da take juyawa. A yau kwamfuta ke gwada dubban jeri kafin a taɓa kwalba ko ɗaya. A 2019 ɗakin binciken David Baker a Amurka ya nuna furotin da aka zana daga tushe da histidine ɓoye a cikinsu, suna wargajewa idan tsami ya ƙaru. Baker ya samu kyautar Nobel a 2024 kan zanen furotin da kwamfuta. Bayan zane sai haɗawa, ƙwaya bayan ƙwaya, da dabarar da Bruce Merrifield ya fito da ita a 1963, ko kuma a sa ƙwayoyin bakteriya su yi shi, kamar yadda ake yi wa glargine. Sai gwaji a ruwa mai tsami da marar tsami, sannan a kan dabbobi, sannan a kan mutane. Tafiyar kan ci fiye da shekara 10.

Babbar wahalar ita ce ƙanƙantar rata. Tsakanin 7,4 na jini da 6,8 na ƙari, tsamin sau 4 kawai ya ƙaru. Peptid ɗin da ya cika saurin farkawa zai taɓa lafiyayyen nama, wanda ya cika nauyin barci zai wuce ƙarin bai yi komai ba. Ga shi kuma ƙoda da duk wurin da ya kumbura su ma suna da tsami. Wata matsalar ita ce tumbi, wanda ke narkar da peptid kamar yadda yake narkar da nama. Shi ya sa insulin allura ce, ba ƙwaya ba. Ko semaglutide na sha, wani peptid na ciwon sukari da aka amince da shi a 2019, sai da aka haɗa shi da sinadarin da ke rage tsamin da ke kewaye da ƙwayar a cikin tumbi kafin ya tsira.

Hattara da masu tallar kashe tsamin jini

Irin wannan ilimi ba ya rasa masu hawa kansa su ci kasuwa. A WhatsApp da Facebook ana yawo da saƙonnin cewa sankara tsami ce, don haka a sha kanwa ko bikarbonat ko wani ruwa na musamman a warke. Wannan magana ba ta da tushe. Ƙarin ne ke samar da tsamin da ke kewaye da shi, kuma abin da aka ci ba ya canza ma'aunin jini, domin huhu da ƙoda na gyara shi a kowane lokaci. Kunun tsamiya ba ya tsamar da jini, kunun kanwa ba ya wanke shi. Yawan kanwa ma na da illa saboda gishirin da ke cikinta. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan ciwon zuciya ga masu jego da al'adar shan kunun kanwa da kwanciya a gado mai zafi.

Idan jini ya yi tsami da gaske, babbar cuta ce. Hakan na faruwa ga mai ciwon sukari da ya rasa insulin, ko ya daina allura, ko ya yi amfani da wanda ya lalace. Alamominta su ne ƙishirwa mai tsanani, yawan fitsari, amai, ciwon ciki, numfashi mai zurfi da sauri, da gushewar hankali. Mai irin wannan hali asibiti ake kai shi nan da nan, babu jiƙon da zai tsayar da ita.

Ga duk wanda aka rubuta wa insulin, ko yake jinyar mai shi, akwai tambayoyi huɗu da ya kamata ya yi wa likita ko mai farmasi kafin ya bar wurin: mene ne sunan wannan insulin, garau ya kamata ya kasance ko fari-fari, ana haɗa shi da wani a sirinji guda, kuma kwana nawa zai yi bayan an buɗe shi. Ranar da aka buɗe a rubuta ta a jikin kwalbar. Wanda kuma ke da niyyar azumi ya koma wurin likita tun kafin watan ya kama, domin a daidaita masa yawan allurar da lokacinta.